Sai Da Shi Za Mu Yi

Fatakwal, 3 ga Yuni

Zuwa ga Taubashi Suhaibu, mai waldar Jekadafari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yusra da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Ni ma lafiya lau, sai ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa, da aikin asibiti da ya hana mutum ya zauna ya yi kukan ubansa.

Ka ga abin da ka mayar da ni? Mutane na aika saƙo kafin ƙiftawar ido, ni kuwa ina fama da biro da takarda kamar zamanin kakarka, don kawai ka rantse ba ka ɗaga waya. Na sani, i'inarka ce, in ba ka ganin fuskar mutum harshen ya fi ɗaurewa. To na bi ka. Yuguda direban motar wake ya ce duk zuwansa zai riƙa kai mana yana kawo mana, in dai motar tasa ta yarda.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san keken nan mai batir da na kawo wa Baba bayan shanyewar ɓarin jikinsa, wanda yake hawa zuwa masallaci. Tun ranar da aka kai shi makwanci keken yana zaure an rufe shi da tabarma. Dada tana takaba, ta ce duk lokacin da ta hango shi sai gabanta ya faɗi. Na yi shawara da Yaya Muktar, mun yarda a ba Malam Titus na Barunde. Shekara talatin suka yi da Baba suna koyarwa a firamare ɗaya, yanzu kuma ciwon suga ya ci masa ƙafa. Ina so ya zama sadaka, ladan ya riƙa isa kabarin Baba duk ranar da taya ta juya. Ban samu na yi jinyarsa da hannuna ba, ni da nake jinyar iyayen wasu, wannan abin yana cina ƙwarai. Keken nan shi kaɗai ya rage da zan yi masa.

Ka ɗauke shi, ka duba batirin da birkin, ka kai masa da kanka. Kai na zaɓa don duk dangi babu mai hannunka, ko da yake tun muna yara na san ka da kwaɗayi, ba a ajiye ka kusa da tukunyar nama.

Ka gaishe da Yusra, ka leƙa Dada.

Taubashiyarka,
Lailatu

Gombe, 14 ga Yuni

Zuwa ga Lailatu, sarauniyar surutu,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin wake. Muna lafiya. Yusra ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta tashi. Dada tana nan da sauƙi, na kai mata fura ta sha rabi. An yi ruwa mai kyau ranar Juma'a, har ya shiga shago ya jiƙa mini wayoyi.

Maganar tukunyar nama, ki tambayi Dada wa aka kama da cinyar kaza a cikin hijabi ranar sunan ƙanwarki Rumaisa.

Na ɗauko keken. Batirin ɗaya ya mutu, ɗaya yana numfashi. Injin lafiyarsa ƙalau, Kawu bai wahalar da shi ba.

Na je Barunde na gaida Malam Titus. Ya yi kuka da ya ji saƙonki, ya sa miki albarka. Amma ya ce shi ba zai hau ba, sandunansa sun ishe shi. Mun daɗe a zaune muna shawara, domin akwai wani abu da ya taso. Na duba ta ko'ina, keken nan dai sai da shi za mu yi. Ya roƙe ni in riƙe bayanin tukuna, na kuma yi masa alkawari. Ki ba ni wata ɗaya.

Naki,
Suhaibu

Fatakwal, 25 ga Yuni

Taubashi,

Salamu alaikum. Na gode Allah da Yusra ta samu sauƙi. A riƙa kwana cikin gidan sauro, kada a ce sai an ga zazzaɓi. Ni ƙafata ce ke kumburi don tsayuwa, ban da haka lafiya.

Na karanta takardarka sau uku, na cire tabarau na goge na sake karantawa. Saida shi za ku yi? Wa ya ce a saida? Ni sadaka na ce, ban ce a kai kasuwa ba. In Malam Titus ba ya so, ai Gombe ba ta rasa masu buƙata ba, sai ka tambaye ni in faɗi wani. Kuma wane irin bayani ne wannan da za a ɓoye wa mai kaya? Malam Titus da na sani, mutumin da ko alli ya tsinta a aji sai ya nemi mai shi, ban ga ranar da zai zauna yana ƙulla cinikin kayan mamaci ba. Na so in kira shi, sai na ji nauyi. Yaya zan tambayi sa'an ubana ko ya ga abin da na ba shi? Ai ya zama gori.

Ga wata kuma. Ƙanwata Rumaisa ta bi ta gaban shagonka ranar Talata za ta kasuwa. Ta ce ta ga kujerar keken a gefe guda, tayoyi a gefe guda, kai kuma ka durƙusa a kan gangar jikin da zarto. Da ka hango ta sai ka ja buhu ka rufe. Na ce mata ƙila gyara ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin gyaran da ake rufe wa buhu ba.

Ban ce ka yi komai ba. Zato zunubi ne, na sani. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Ka rubuto mini dalla-dalla, ka bar wannan rubutun naka mai kama da na mai biyan harajin kalma.

Ina sauraro,
Lailatu

Gombe, 6 ga Yuli

Zuwa ga Lailatu, alƙaliyar Fatakwal,

Salama. Kowa lafiya. Dada ta fara zama a tsakar gida da yamma. Ki ɗora ƙafar a kan matashi, ke da kike koya wa mutane.

Na yi dariya har Yusra ta leƙo ta ga ko lafiya. Wato yanzu an kafa mini 'yan sanda, Rumaisa ce sajan. To tunda an kama ni, bari in amsa laifina. Ƙwarai na saida. Alhaji Abdulrauf na GRA ne ya saya, ya biya ni da gidan sama da raƙumi biyu. Raƙuman suna bayan shago suna cin kwalin batir. In kin zo sai in ɗora ki a ɗaya mu zaga Jekadafari.

Ke dai ba kya gajiya da tsokana. Na ce ki ba ni wata ɗaya, saura mako guda da 'yan kwanaki. Aikin ya fi yadda na zata, na ƙone yatsa biyu. Buhun kuwa, alkawari ne na rufe da shi, don bakin Rumaisa ya fi lasifikar masallaci kai wa nesa.

Ki yi haƙuri. Za ki ji komai.

Attajirin taubashinki,
Suhaibu

Fatakwal, 20 ga Yuli

Suhaibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan iyali lafiya. Ni ba zan ce lafiya ba, kwana biyu ko abinci ba ya wuce mini.

Ka ajiye wasa gefe, yau ba taubashiyarka ce ke rubutu ba, 'yar Malam Aƙilu ce.

Da takardarka ta zo na ga raƙuma, na yi murmushi na ce halinsa ne. Shekaranjiya sai ga Rumaisa ta turo mini wani bidiyo da ke yawo a wayoyin matan Gombe. Wata 'yar jar mota ce ta wasan yara, wani yaro ɓul-ɓul yana tuƙa ta a kan kwalta, mutane na tafi. Ƙofar gidan da ke bayansa kowa ya san ta, ta Alhaji Abdulrauf ce a GRA. Ga ka nan a gefe da rigar aikinka, kana washe baki. Na ce ƙila wata mota ce. Sai yaron ya danna hon. Suhaibu, ko a mafarki na ji wannan siririn hon ɗin na san shi. Shi Baba yake dannawa sau biyu a ƙofar gida in ya dawo daga masallaci, don Dada ta kawo masa ruwa. Na zauna a ɗakin canza kaya na yi kuka har wata abokiyar aikina ta ɗauka wani ne ya sake mutuwa.

Ashe da wasa ake gaya wa wawa magana. Ka faɗa mini sunan mai sayen da bakinka, ka lulluɓe shi da raƙuma don in na tashi magana ka ce ai na gaya miki. Tun farko ma ka rubuta cewa saida shi za ku yi, sai ka jingina abin a wuyan dattijo mai ƙafa ɗaya, don ka san ba zan iya tambayarsa ba. Abin da na keɓe don kabarin ubana ka yanka shi, ka shafa masa jan fenti, ka mayar da shi abin wasan ɗan mai kuɗi. Yaron da ƙafafunsa biyu lafiya lau.

Na kira wayarka sau tara ba ka ɗaga ba. Wata ɗayan da ka nema ya wuce.

Na gaya wa Yaya Muktar komai. Na ce duk inda keken nan yake, a hannun ko wane ne, ya karɓo shi ya mayar zaure. Ka san Yaya ba ya tsayawa dogon bayani. Kai ka jawo.

Lailatu Aƙilu

Gombe, 21 ga Yuli

Zuwa ga Lailatu, taubashiyata ta kaina,

Assalamu alaikum. Duk muna lafiya, yatsun ma sun warke. Ban ga amsar takardata ta raƙuma ba, na san ruwa ya ɓata hanya. Na ga kiranki, kin san ni da waya. Yau Malam Titus ya sake ni daga alkawari, don haka ki gyara zama, zan yi miki rubutun da ban taɓa yi ba.

Malam yana da jika, Jacinta, 'yar 'yarsa Elizabet. Shekararta bakwai. Wani zazzaɓi da ta yi tana da uku ya tafi da ƙafafunta. Kanta kuwa garau, har ta fi ki surutu. Bara cocinsu ya ba ta keken guragu. Ranar farko da aka fita da ita, wata mata ta tsaya a bakin titi ta jefa mata kuɗi a cinya ta ce ga sadaka. Yaran unguwa suka gani. Daga nan in ta fito sai su miƙa hannu suna “sadaka, sadaka”. Tun bikin Ista na bara yarinyar ba ta sake ƙetare ƙofar gida ba. Makaranta ma ta daina, kakan ne yake koya mata a ɗaki.

Ranar da na kai saƙonki, Malam ya ce da ni, “Suhaibu, ni na gama yawona a duniya. Ga wadda ba ta fara nata ba. Amma in ta ga keken marasa lafiya ba za ta hau ba. Za ka iya mayar da shi abin da yara za su yi sha'awa?” Na ce zan gwada. Ya ce to kada kowa ya san daga inda motar ta fito, ko ita kanta, don magana in ta fita gida ɗaya ta shiga goma. Na so in haɗa da wani injin in bar miki keken yadda yake. Na duba injin wanki, na duba na fanka, babu mai ƙarfi da laushin wannan.

Ga yadda na yi. Na cire doguwar kujerar, na rage sandar tuƙin, na lanƙwasa rodi na yi sitiyari na naɗe shi da roba. Gangar motar daga jikin tsohon firij na yanko ta, na zagaye bakin da tiyo don kada ya yanki hannu. Totur ɗin dama na hannu ne, sai na maido shi bayan sitiyari inda yatsunta za su kai. Kin tuna maɓallin gudun nan mai hoton kunkuru a gefe guda, zomo a ɗaya gefen? Na kai shi kan kunkuru na ɗaure da kusa. Fitilu na tocila ne. Abin da ya fi ci mini lokaci ƙofa ce. Sau uku ina sakewa, don ina so ta yi tsayin da za ta rufe ƙafafun gaba ɗaya. Duk wanda ya hango daga waje, yarinya kawai zai gani a cikin mota.

Kafin in kai, na gwada ta a GRA, don can ne kwalta ba rami, kuma ina yi wa Alhaji Abdulrauf aikin sola. Ɗansa nauyinsu ɗaya da Jacinta, shi na sa ya hau in ga ko birki zai kama. Alhaji ya nace sai in bar masa. Na ce tana da mai ita.

Jiya da hantsi na kai ta Barunde. Elizabet ta ɗauko yarinyar ta zaunar, na ɗaura mata bel na rufe ƙofa. Ta dube ni ta ce, “Ankul, in na fita ba wanda zai ƙwace?” Na ce babu, taki ce. Ta zaga tsakar gida sau biyu, ta ture bokiti, sai ta nufi ƙofar waje da kanta ba wanda ya ce mata. Lailatu, yaran nan da suke mata “sadaka” su ne suka bi ta a guje suna “Jacinta, ba ni lif! Jacinta, ni ne kwandasta!” Ita kuwa ta ɗaga hanci tana danna hon, wai su yi layi. Malam Titus yana tsaye a kan sandunansa hawaye na bin gemunsa. Ya ce in gaya miki Aƙilu ya haifi 'ya ta gari.

Ranar Litinin mai zuwa za ta koma makaranta da ita. Na yi farin ciki da aikin nan fiye da duk abin da na taɓa haɗawa. Yanzu sai ki turo mini tukwici, ko da kifin Fatakwal ne.

Naki har kullum,
Suhaibu

Gombe, 27 ga Yuli

Zuwa ga Malama Lailatu Aƙilu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Dada tana lafiya, ba a gaya mata komai ba.

Takardarki ta 20 ga wata ta same ni jiya. Yuguda ya ce tawa ta 21 tana cikin motar ɗan'uwansa da ta lalace a hanyar Makurɗi, don haka wataƙila tare za ki karɓe su da wannan. Ki fara karanta waccan.

Na daɗe ina neman inda na ce zan sayar. Sai Yusra ta karanta takardarki ta ce in maimaita mata abin da na rubuta. Na ce, “Keken nan sai da shi za mu yi.” Ta riƙe baki. Nufina aikin ba zai yiwu ba sai da shi, kamar yadda ake cewa tuwo sai da miya. Ke kuma kika haɗe kalmomin biyu kika karanta ciniki. Da kika tambaya na ɗauka tsokana ce irin tamu, na biye miki da raƙuma. Wannan laifina ne. Amma shekara arba'in kina kirana ɓarawo ina kiranki ɓarauniya, ban taɓa zaton akwai ranar da za ki faɗa da gaske ba.

Ga abin da ya faru. Ranar Asabar Yaya Muktar ya zo shago ba na nan. Maƙwabcina ya ce masa an kai motar Barunde. Ya je ya tarar da ita a filin bayan gidaje, yara sun kewaye ta. Bai san Jacinta ba, bai tambayi 'yar wace ce ba. Ya kashe makulli ya ce da ƙarfi, kowa na ji, “Wannan ba abin wasa ba ne. Keken guragu ne na mahaifinmu, sadaka aka ce a bayar.” Ya buɗe ƙofar, ya kwance bel, ya ɗago ta ya tsayar da ita a ƙasa, ya sake ta.

Kin san sauran, ke ma'aikaciyar jinya ce. Ta zube a cikin taɓo. Ba ta ji ciwo ba sai ƙujewa a gwiwar hannu. Elizabet ta ce ba ta yi kuka ba ma, sai jan siket take yi tana rufe ƙafafunta. Sai wani ƙaramin yaro ya ce, “Ashe sadaka ce.”

Yaya Muktar ya zo mini da la'asar, ya ce wallahi bai sani ba. Na yarda bai sani ba. Malam Titus ya sa an ɗora motar a kan amalanke an dawo mini da ita. Ya ce a gaya wa iyalan Aƙilu ya gode, bai san akwai rigima a kan kayan ba, da bai taɓa ba.

Motar tana shago. Ba zan iya mayar da ita keke ba, na riga na yanka. Ki faɗi inda za a kai.

Suhaibu

Fatakwal, 5 ga Agusta

Yaya Suhaibu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ban san ta inda zan fara ba.

Takardun biyu tare suka zo. Na karanta ta farko ina dariya ina kuka, na buɗe ta biyu sai dariyar ta ƙare. Na ɗauko tsohuwar takardarka na duba. “Sai” daban, “da” daban, har da fili a tsakaninsu wanda yatsa zai shiga. Idona ne ya haɗe su, don zuciyata ta riga ta shirya ganin haka. Ina jin haushin kaina ne a kan Baba, na rasa wanda zan ɗora wa, sai na ɗora maka.

Kunya ta ishe ni. Ka yafe mini don Allah, don zumuncin mahaifiyarka da mahaifina. Na kira Malam Titus, wannan karon ban ji nauyin komai ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “'Yata, ya wuce.” Muryarsa ba ta ce ya wuce ba, amma ya yarda a mayar da motar, ya ce saboda Aƙilu.

Ka taimake ni ka kai mata. Ka gaya mata tata ce har abada, babu mai sake taɓawa. In akwai abin da yara ke so a ƙara, ko lema ko rediyo, ka ƙara. Ina so ta koma makarantar nan, in ba haka ba ban san da wane ido zan je kabarin Baba ba.

Ƙanwarka,
Lailatu

Gombe, 16 ga Agusta

Lailatu,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Dada ta ji labarin a bakin Rumaisa, ta aika wa Elizabet da man shanu da ƙwai.

Na yafe miki. Ban iya riƙo ba, kin sani. Wasan ne dai ban san yadda za mu koma masa ba, sai a hankali.

Na wanke motar na sake mata fenti, na kai ranar Laraba. Malam ya karɓe ni da mutunci. An ajiye ta a tsakar gida kusa da inda Jacinta take zama a tabarma. Kwana uku ke nan ina zuwa. Ba ta hau ba. Tana kallonta ta gefen ido, in ta ga ana kallonta sai ta juya. Yaran unguwa suna zuwa ƙofa suna kiranta, har wanda ya yi maganar nan ya kawo mata goruba. Ta ce a ce musu tana barci.

Jiya na durƙusa a gabanta na ce, “Jacinta, ki hau mu je ki ga an gyara hon.” Ta ce, “Ta wace ce?” Na ce taki. Ta ce, “Mutumin ya ce ta babansu ce.” Na ce ta babansu ce a da, 'yarsa ta ba ki. Ta ce, “Ita ce ta aiko a cire ni?” Ban iya yi mata ƙarya ba, na ce ita ce, amma kuskure ta yi. Ta daɗe tana murza bakin siket. Sannan ta ce, “In na shiga, za a sake cire ni?”

Na ce a'a, wallahi ba wanda zai sake.

Ta ce, “Ankul, haka ka ce wancan karon.”

Lema da rediyo ba za su yi ba, Lailatu. Ki nemi hutu ki zo ki gaya mata da bakinki. Ni tawa maganar ta ƙare a wurinta.

Suhaibu